Ƙwai Ɗaya a Gidan Obadiah

Duk wanda ya tashi a ƙauyenmu na bayan Kagoma a shekarun da aka fara makarantar kyauta ya san Mama Selina Kumai. Gajeriyar mace ce mai babbar murya, in ta yi dariya har kaji sai sun watse. Mijinta ya rasu tun kafin yaƙin basasa, 'ya'yanta suna aikin jirgin ƙasa a Kafanchan, amma ta ƙi bin su, wai a gari ba inda mutum zai shuka alayyafo. Danga ɗaya ce ta raba gidanmu da nata, don haka abin da zan faɗa ba ji na yi ba.

Tana budurwa ta yi wanke-wanke a ɗakin yara na wani asibitin mishan. A can ta ga yara masu kumburarrun ƙafafu da jan gashi, ta kuma ga yadda ake tashinsu da kunun gyaɗa da wake da ƙwai. Abin ya zauna mata a rai, har ta kai ba ta iya ganin yaro riƙe da gayan rogo ta yi shiru.

Ran Lahadi in an tashi daga sujada, takan tara yara a gindin mangwaron coci. Kowa ya zo da ɗan abin da uwarsa ta ba shi: wannan acca, wancan gyaɗa, wata gauta, wata yakuwa. Sai ta baje su a faifai ta ce kowane yaro ya zaɓi uku, mai cika ciki, mai gina jiki, da mai korar ciwo. Wanda ya kwashi doya da gwaza da rogo sai ta kama kunnensa tana dariya: "Kai, ciki zai cika, amma ƙafa za ta ɗauke ka?" Daga nan a haɗa gwate a tukunya ɗaya, kowa ya ci da abokinsa. In wani kawu ya zo daga Kafanchan da alewa da burodi, takan bari su lasa, sannan ta tambaye su wanda ya fi daɗewa a ciki, alewa ko gyaɗa. Yara sun haddace abin tsaf. Sai dai yaro ba shi ke riƙe da ludayi a gidansu ba.

A wurinmu a lokacin, nama na maigida ne, wake na kasuwa ne, ƙwai kuwa na ƙyanƙyasa ne ko na baƙo. Ba a ba yaro ƙwai sam, wai in ya ɗanɗana zai zama ɓarawo. Yara kuma kwano ɗaya suke ci, mai saurin hannu ya ƙoshi, ƙarami ya lashi gefe. Ban taɓa jin wanda ya ce al'adar nan mugunta ce ba. Haka muka taras, haka muke yi.

A cikin yaran gindin mangwaro akwai Roseline, 'yar Obadiah, mai shekara bakwai ko takwas, ba ta zuwa sai goye da ƙanenta Dogara. An yaye shi da wuri don uwarsu Regina ta sake samun ciki, aka bar shi da koko tsararo da doya. Da damina ta yi nisa sai kumatunsa suka cika, ƙafafunsa suka yi suntum. Obadiah har alfahari yake yi, wai ɗansa ya yi ƙiba. Mama Selina ta danna ƙafar yaron da yatsa, wurin ya lotsa ya ƙi dawowa, na ga fuskarta ta canza.

Ta je gidan da kanta, ta durƙusa ta gai da Obadiah kamar ba ta girme shi ba.

"Baban Roseline, wannan ba ƙiba ba ne, ciwo ne. Ka bar su ba shi ƙwai, ko ɗaya a rana."

"Mama, da girmanki? Kina so in yi kiwon ɓarawo a gidana?"

"To wake fa?"

"Wake na kasuwa ne. Yaro yana ci, yana ƙoshi. Mu da me aka goya mu?"

Regina tana bakin murhu, ba ta ɗago kai ba. Mama Selina ta dawo tana huci, ta riƙa dama kunun gyaɗa tana aikawa ta hannun Roseline. Da Obadiah ya gane, ya ce gidansa ba gidan bara ba ne, ya hana.

Roseline kuwa ta ji abin da aka koya mata, kuma ta gaskata. Wata rana da iyayen suka tafi gona, ta zaro ƙwai ɗaya daga ƙarƙashin kaza, ta dafa a gwangwani, ta ɓare wa Dogara. Ɓawon ne ya tona ta. Kukanta har gidanmu. Obadiah ya ja ta zuwa gaban dattawan coci yana cewa, "Kun gani? Ko ci ba ta yi ba, magana kawai ta ji, ta riga ta fara sata!" Dattawa suka gyaɗa kai, don a ganinsu maganar kakanni ce ta tabbata a gaban kowa. Wannan shi ne abin da har yau yake ƙona mini rai.

Ba wanda ya zagi Mama Selina. An dai roƙe ta cikin ladabi ta tsaya ga koyar da waƙa da addu'a. Iyaye suka daina ba yara abin kawowa, aka hana Roseline taka gidanta. Ta je wurin fasto, ya ce a yi haƙuri, maganar gida ce. Ta sami Regina a rafi, matar ta fashe da kuka ta ce, "Mama, ni mene ne zan yi?" Sai da fatar yaron ta fara saɓulewa aka ɗora shi a keke zuwa Kafanchan. Ba su kai ba.

Washegari gidan ya cika da masu ta'aziyya, har daga Samaru Kataf. Baƙo kuwa ba a barinsa da yunwa. Obadiah ya buɗe rumbu aka auno wake, aka yanka kaji, matan zumuntar coci suka yi ta hidima. Mama Selina tana zaune a tabarma cikinmu. Roseline ce aka aiko da kwanonta, wake da manja, da cinyar kaza a kai. Yarinyar ta ajiye, ta durƙusa, ba ta tashi ba.

"Mama," ta ce a hankali, "da Dogara ya ci wannan, zai tashi?"

Mama Selina ta jawo yarinyar jikinta ta riƙe, abincin yana gabansu har ya huce.