Baitin da Ludek Ya Yi wa Ubansa

Duk mai hawa bas lamba shida a garin Bytom ya san Ludek direba, mai furfura da ƙaton tumbi. Da a tuƙi kaɗai suka san shi, da ya huta.

Yana ɗan shekara goma sha tara, shi da abokansa Mirek da Bolo suka kafa ƙungiyar hip-hop mai suna Hawa na Tara. Sauran mawaƙa na ta kurin mota da sarƙa, su kuwa sai zancen ramin haƙar gawayin ƙasa da tukunyar kabeji, a kan kiɗan tsofaffin faya-fayan iyayensu. Faifai ɗaya tak suka yi suka watse, amma har yau duk mai riƙe makirufo a ƙasar nan daga bakinsu ya koya.

A faifan akwai baitin da Ludek ya yi wa ubansa Alojz, mahaƙin gawayi: mashayi, mai saurin hannu, wanda bai taɓa taka makarantar ɗansa ba. Baitin nan ya hana shi sakat. Fasinja ya shigo, kafin ya nuna tikiti sai ya rera masa. Har a bangon benensu an rubuta shi. To ina zai gudu? Tsohon na gida, huhu ya lalace, Ludek ne mai yi masa wanka. Shekara talatin suna cin dankali a tebur ɗaya, ba wanda ya taɓa ta da maganar.

Bana Mirek ya bugo waya, wai gari na son su sake haɗuwa ranar bikin mahaƙa, a filin da ke ƙasan tagar su Ludek.

"Kai Tumbi, baiti ɗaya ne fa. Mutuwa za ka yi?"

"Baba zai ji ta taga."

"Haba! Tsohon da ko ƙararrawar coci ba ya ji?"

Tsohon kuwa yana ji sarai. Ranar bikin, Ludek na saka masa maɓallan baƙar rigar mahaƙa, sai Alojz ya riƙe masa hannu.

"Je ka yi abinka. Giya gaskiya ne, duka ma gaskiya ne. Amma makaranta na je. Ranar wasan kwaikwayonku na Kirsimeti, daga rami na wuce can. Na ga iyayen mutane fes-fes, ni kuwa baƙin gawayi ya ƙi barin fatar idona. Sai na tsaya bayan ƙofa. Kai ne ka fito a matsayin tunkiya ta biyu."

Kunya ta rufe Ludek. Haka ya hau dandamali. Da aka zo layin baitin da ke zancen makaranta sai ya yi gum. Wa ya damu? Mutum dubu biyar suka karɓe, kalma bayan kalma, hannuwa a sama. Ya ɗaga kai, ya hango tagarsu a buɗe duk sanyin nan, tsohon na tsaye.

"Ƙarya na yi, ya je!" in ji Ludek da iya ƙarfinsa.

Ko Mirek da ke gefensa bai ji ba.