Sun Sace Muryar Motar Mahaifina

Edita, sallama a gare ka da masu karatu. Lokacin da wannan abu ya same ni, ni matashi ne mai shagon iri da maganin feshi a Funtua, da mata da 'ya'ya biyu, ba ni da wata damuwa da ta wuce damina ta yi kyau manoma su shigo. Ba na kallon ƙwallo, ba na zaman shayi. Jarabata guda ce, shirye-shiryen Turawa na gyaran tsofaffin motoci da ake nunawa a tauraron ɗan'adam. Sai ka ga an jawo gawar mota daga bayan wani gida, tsatsa ta cinye ƙasanta, ɓeraye sun yi sheƙa a kujerunta, kafin a rufe shirin ta fito tana ƙyalli tana ruri, mai ita yana share hawaye. Na yarda da abin nan ɗari bisa ɗari. Idan abokai suka ce ai duk wasan kwaikwayo ne, har rai nake ɓatawa, in ce wanda bai san ƙarfe ba ne yake faɗin haka.

Tushen wannan jaraba yana bayan gidanmu, ƙarƙashin wata rumfar kwano. Mahaifina a zamaninsa dillalin auduga ne, yana saye daga Bakori da Tsiga har Malumfashi yana kai wa injin gurza. Da wani Bature na wurin zai koma ƙasarsu, ya sayar masa da motarsa, ƙirar Amurka, mai dogon gaba da ƙofa biyu da silinda takwas. Mutanen gari suka sa mata suna Tsawa, don tun tana kan hanyar Zariya mata a cikin gida suke sanin Alhaji ya dawo. A cikinta aka kai mahaifiyata asibiti ranar da za ta haife ni. Da kasuwar auduga ta faɗi, kayan gyara suka yi wuya, aka jingine ta. Jikinta ya ruɓe, birki ya mutu, tayoyi suka tsage, amma Baba bai taɓa barin injin ya mutu ba. Kowace Juma'a bayan an sauko masallaci sai ya tayar da ita ta ɗan yi zafi. Da idanunsa suka tafi, ni nake tayar masa, shi kuma ya zauna a kujera ya ɗora tafin hannunsa a gefenta yana saurare. Ya taɓa ce mini a cikin abokan zamaninsa ita kaɗai ta rage da take amsa masa.

Ana nan sai wani matashi daga Kaduna ya fara irin wannan shiri da Hausa, a wata tasha mai zaman kanta da kuma a waya. Mai fara'a ne, bakinsa kamar zuma, kullum cikin rigar makanikai da ban taɓa ganin ɗigon baƙin mai a jikinta ba, ko da yake a lokacin ban lura da hakan ba. Yana cewa kyauta yake gyarawa cikin mako guda, don raya tarihin Arewa. Ni da kaina na tura masa hoton Tsawa, ba a rufa kwana uku ba ya kira ni muryarsa har rawa take yi. Baba ya ƙi tun farko, ya ce a bar masa abarsa yadda take. Na dinga magiya, na ɗauko baffana ya sa baki, na ce ina so ne in zagaya da shi gari a cikinta kafin ƙarfinsa ya ƙare. Daga ƙarshe ya yarda da sharaɗi guda: su gyara mata jiki, kada su taɓa mata ciki. Mai shirin ya durƙusa a gabansa, ya kama hannunsa da hannu biyu, ya rantse a gaban kyamara cewa ko noti ɗaya ba zai fita daga injin ba.

Tun ranar ɗaukarta Allah ya nuna mini alama, na runtse ido. Sun watsa mata ƙasa da kashin kaji, sun cusa karan masara ta taga, wani cikinsu ya fasa fitilar gaba wadda lafiyarta ƙalau, wai don ta fi ban tausayi. Suka ce in faɗa wa kyamara cewa tun ina yaro rabon da ta tashi, alhali Juma'ar da ta wuce na tayar da ita. Na faɗa, suka ce ban yi da baƙin ciki sosai ba, na maimaita. Na ce wa kaina haka aikin talabijin yake.

Makon nan guda ya zama damina sukutum. Aka yi shuka, aka yi noma, masara ta bushe aka karye, mota ba ta dawo ba. Idan na kira ya ce kaya suna kan ruwa daga Amurka, idan na ce zan zo garejin ya ce zan ɓata mamakin da ake shirya mana. Baba kuwa kowace Juma'a sai ya tambaya. Sai da kaka ta yi nisa suka kawo ta a bayan babbar mota, lulluɓe da ƙyalle. Unguwa ta cika. Da aka yaye ƙyallen, ja wur take, har fuskarka kake gani a jikinta, yara suka ɗau ihu. Suka sa ni na dafe kai na yi kabbara, suka ce in sake, na sake. Sannan aka jawo Baba, ya lalubo gefenta ya ɗora hannu kamar yadda ya saba, ya ce a tayar. Aka murza makulli, wata 'yar siririyar ƙara ta fito irin ta tasin haya. Mai shirin ya yi sauri ya ce sabon salansa ne ya rage mata amo. Baba bai ko juya wajensa ba.

"Kashe ta," in ji shi. "Wannan ba ita ba ce." Ya juyo da fuskarsa inda yake jin numfashina, hawaye na bin gemunsa, ya ce, "Ina ka kai mini ita?"

Kafin in dawo hayyacina sun naɗe wayoyinsu sun kama hanya. Na kira makanike ya buɗe gaban, ya cire wani murfi mai ƙyalli da suka ɗora, sai ga tsohon injin ƙaramar mota an shafe shi da baƙin fenti. Amma abin da ya ƙona mini zuciya ba wannan ba ne, shirin ne da aka nuna bayan nan. Sun yanke maganar Baba, sun bar hawayensa, sun ɗora rurin wata mota a kai, mai shirin yana cewa ga dattijo yana kukan murna ya sake jin muryar ƙuruciyarsa. Jama'a suka dinga zuwa shago suna yi mini barka.

Baba bai sake zuwa rumfar nan ba, bai kuma sake yi mini maganar ba, kuma shirun ya fi mini zagi ciwo. Kafin wata damina Allah ya karɓi abinsa. Ba zan ce su suka kashe shi ba, ajali na Allah ne, amma sun ɗauke masa abu na ƙarshe da yake jira a mako. Muna zaman makoki tashar tana ta maimaita fuskarsa a matsayin tallar shirin. Na kira mutumin na roƙe shi ya cire, ya yi dariya ya ce ai tsohon nan ya shiga ran masu kallo, shi ne ma ya jawo musu kamfanin da yake ɗaukar nauyinsu. Da na ajiye wayar na rantse sai na tozarta shi a gaban idanun da yake ci da su.

'Yan'uwa suka ce in bar wa Allah, wasu suka ce in kai ƙara. Ni kuwa ba sasanci nake nema ba. Na danne zuciyata na koma yi masa kirari a waya, ina cewa fushin makoki ne ya ɗebe ni, mota kuwa lafiya lau. A ɓoye na shiga Kaduna ina tambaya har na samu wani mai gyaran jikin mota da ya taɓa yi musu aiki, suka yi faɗa ya bar su. Shi ya warware mini komai. Ya ce ranar da Tsawa ta isa garejin aka sauke injinta, aka sayar wa wani attajiri a Abuja mai tara irin waɗannan motoci, kuma dama injin suke nema ba tarihi ba. Aikin da ake nunawa ana walda ana gumi, a yini guda ake ɗaukarsa, ma'aikata suna bugun ƙarfen banza. Ramukan tsatsa ba a yanke su a sa sabon ƙarfe, cusa su ake yi da raga da takarda a shafe da fila, ƙwaɓin da ake liƙe jikin mota da shi, a fesa fenti. Rurin kuwa daga shirye-shiryen Turawa suke kwasowa. Ya kuma nuna mini hanyar wasu da aka yi wa irin tawa, na bi su, wani tsohon hedimasta a Malumfashi da wani manomi a Musawa, kowannensu kunya ta hana shi magana.

Dama ta zo da kamfanin ya shirya taro a wani fili a Funtua bayan kaka, lokacin da manoma suke da abin hannu, za a watsa kai tsaye. Mutumin ya kira ni ya ce Tsawa ce tauraruwar ranar. Na ce ai ko a kai zan ɗauko ta. A lokacin fentin ya riga ya fara tsagewa, ni da kaina na sa aka lilliƙe tsagun na goge ta tas don kada ya yi zargi. Da yake injin da suka sa mata ba ya iya tafiya mai nisa, tarakta ta ja ta har kusa da filin, sannan na lallaɓa na shigar da ita. Ya rungume ni, ya miƙo mini lasifika, ya ce in faɗa wa duniya irin farin cikin da marigayi ya tafi da shi.

Na ce zan faɗi abin da marigayi ya faɗa ne, wanda aka yanke. Na maimaita maganarsa kalma bayan kalma. Sannan na zaro guduma daga cikin babbar rigata na kai wa ƙofar duka. Fila ta zubo kamar katangar laka a tsakiyar Agusta, raga da tsofaffin takardu suka leƙo. Na ƙara a gefe, na ƙara a baya, ban san inda ƙarfin ya fito ba. Na ɗaga murfin gaba na kira makanikan Funtua da ke wurin su zo su ƙirga wa jama'a fulogi, suka ƙirga da ƙarfi, huɗu maimakon takwas. Hedimastan da na gayyato a ɓoye ya fito ya faɗi nasa, manomin Musawa ma ya fito. Mutumin ya yi ta ɗaga hannu a kashe kyamara, aka kashe, amma wayoyin jama'a babu mai kashe su. Matasa suka yi kansa. Ba zan ɓoye maka ba, Edita, na ɗan tsaya ina kallon tsoro a fuskarsa, kuma ya yi mini daɗi, kafin na shiga tsakani. Ba tausayi ba ne ya sa na hana su. So nake ya rayu ya sha kunyar.

Kamfanin ya janye, tashar ta daina shirin. Bayan wani lokaci ya zo gidanmu da wani dattijo neman gafara, ya durƙusa irin durƙuson da ya yi wa Baba. Na ce masa wanda ya zalunta yana maƙabartar bayan gari, ya je can ya nema. Mahaifiyata ta ce in yafe don Allah yana son masu yafiya, na ce mata ta yi mini addu'a, don har yanzu ban iya ba. Injin bai dawo ba, attajirin ya ce bai san zancen ba, kuma ba ni da tsanin da zan hau in kai gare shi. Na rama, amma ramuwar ba ta goge tambayar da mahaifina ya yi mini ba, don ni na buɗe musu ƙofa, ni na matsa wa makaho ya saki abin da yake riƙe da shi saboda ina son a gan ni a talabijin.

Ban san gaskiyar shirye-shiryen Turawan ba, watakila akwai na kirki a cikinsu, amma yanzu na san kyamara gefen da aka ga dama take nunawa, kuma mai yanka hoto yana iya mai da kukan baƙin ciki na murna. Duk wanda ya ce zai gyara maka abin gado kyauta, tambaye shi me zai ci. Kada ka bari a kai kayanka inda aka hana ka leƙawa, kuma idan dattijo ya ce a bari, a bari. Na rubuto ne don na ji labarin mutumin ya sake suna, ya fara wani shiri na gyaran tsofaffin gidaje, yana yawo ƙauyuka yana neman masu tsofaffin ƙyamare da kayan tarihi. Idan mai fara'ar nan ya durƙusa a ƙofar gidanku ya kama hannun tsohonku da hannu biyu, ku ɓamɓare hannun, ku rufe ƙofa. Ni dai tsakanina da shi, Allah ya isa.