Direban da Ke Ɗaukar Hoto da Tsakar Rana

A gareji Mai Hoto ake ce masa, alhali direban tirela ne, kuma har furfura ta cika masa gemu bai taɓa mallakar kyamara ba. Da waya yake ɗauka, matarsa ce ta koya masa.

Ita a shagon hoton mahaifinta ta tashi. Da ciwon ƙafa ya kwantar da ita, duniyarta ta koma gado da taga guda mai kallon katangar maƙwabta. Sai ta ce, "Baban Auta, tunda kai ke yawo, ka riƙa turo min ina gani."

Shi kuwa ba ya tsayawa sai rana ta take, lokacin da inji ke neman hutu, ciki ke kiran ciroma. Hotunan farko sun ba ta dariya har da hawaye.

"Wannan gada ce ko farin zane aka shanya? Mutumin nan kuma ina ka kai idanunsa? Ramuka biyu nake gani!"

Ta waya ta riƙa gyara masa. Ya goge gilashin kyamarar wayar da gefen riga. Ya taɓa wurin da ya fi haske a fuskar wayar, kada sama ta ƙone ta yi fari fat. In mutum zai ɗauka, ya ja shi ƙarƙashin rumfa ko gefen farin bango. Sannu a hankali ta fara cewa, "To, yau dai ka yi abin kai."

Yana kan hanya da lodin siminti ta rasu. Kafin ya iso an riga an kai ta.

Da ya koma aiki, ya tsaya bakin wani kogi da rana tsaka, ya ɗauki kwalekwale a inuwar gada, ya tura. Sai da saƙon ya tafi ya tuna. Bai daina ba kuma. A irin lokacin da kwalta ke rawa kamar ruwa, yakan ji muryarta dab da kunnensa: "Matsa hagu." Ya waiga kujerar gefe, babu kowa sai gorar ruwansa.

Wata rana wayar ta yi ƙara, sai ga saƙo da sunan matarsa. "Ka bar sama ta ƙone."

Ya zauna a matakin mota. Da ƙyar ya danna kira.

"Baba, ni ce," in ji Auta, 'yarsu. "Wayar Mama na sa a caji, sai ga hotuna suna ta shigowa."

"Wa ya koya miki wannan maganar?"

"Ai ina gefen gadon duk sanda take maka faɗa."

Bai taɓa lura muryarsu ɗaya ba sai ranar.

"Auta, ki riƙa amsa min da taki wayar."

Ta ce to, ta kuma cika alkawari. Har yanzu yana tuƙi, kuma ba ya sa loma a baki da rana sai ya ɗauki hoto ya tura wa lambobin biyu. In wayar ta yi ƙara, yakan kifa ta a cinya, ya daɗe yana kallon titi kafin ya duba wace ce.