Mariƙin Lucien Perrachon

Shekara talatin da takwas Lucien Perrachon ya yi yana zana kujerun jirgin ƙasa, amma in ka tambaye shi abin da ya tsinana a duniya, abu ɗaya zai nuna maka: mariƙi, ɗan lanƙwasasshen ƙarfen nan na bayan kujera, wanda fasinja ke kamawa ya miƙe.

A Saint-Étienne aka haife shi, ɗan mai ƙera kekuna. Da ya gama makarantar zane a Paris ya fara da injin niƙa kofi da murfin tukunya, kafin wani kamfanin taragu a Lyon ya ɗauke shi. Can ya yi suna wajen taurin kai. Ba ya sa hannu a kan kujera sai ya ɗaura katako a gwiwarsa, ya zauna awa uku, sannan ya gwada tashi. Dalili kuwa, ya taɓa ganin mahaifiyarsa, gwiwoyi a kumbure, ta wuce tasharta don kunyar roƙon baƙo ya ɗaga ta. Abokan aiki suka sa masa suna gurgun ofis. Sau huɗu manya suna soke mariƙin, wai yana ɓata kyan kujera, shi kuma yana mayar da shi har muryarsa ta dushe a wurin taro.

Yanzu shekararsa saba'in da tara, gwiwar ba ta bukatar katako. Sai ga takardar gayyata daga kamfanin: a zo a ga sababbin kujeru. Ya duba hoton kujerar da ke jikin takardar sau biyu. Babu mariƙi.

"Ba inda za ni, Odile," ya ce wa matarsa. "Na gaji."

"Tun ranar aurenmu kake gajiya," in ji ta. "Miya nawa ta huce a gidan nan kana zancen ƙarfen nan? Tashi ka je ka faɗa musu, tsoho, ni ma kunnena ya huta."

Ya je, ba don yana sa ran komai ba. Madame Faivre, sabuwar shugabar sashen zane, ta tarbe shi hannu biyu, ta zaunar da shi a sabuwar kujerar, gaban kowa.

"Monsieur Perrachon, ai aikinku muka karanta a makaranta."

"Kun gwada ta da katako?"

"Na'ura ce ke gwadawa yanzu, monsieur."

"Na'urar tana da gwiwa?"

Aka yi dariya, irin wadda ake yi wa tsoho don a wuce wurin. Aka sha jawabai, aka ba shi kyauta: tsohon mariƙinsa, an goge shi fes an kafe a kan allo. Takaici ya cika shi, amma ƙarfin gardama ya ƙare masa tuntuni.

Da aka gama taro ya zo tashi, hannunsa ya kai inda ya saba kaiwa, ya damƙi iska. Ya yunƙura, ya koma. Ya sake yunƙurawa. Madame Faivre ta ajiye kofinta, ta kama shi ta hammata ta ɗaga.

"Na gode, madame," ya ce yana haki. "Jirage nawa za ki iya shiga a rana?"

Ta sunkuyar da kai.

Bayan wata biyu wasiƙa ta zo daga kamfanin, cike da ladabi: an riga an ba da aikin ƙira, ba a iya sauyawa. Lucien ya ninke ta ya sa ƙarƙashin kwanon cuku, bai ko yi tsaki ba.

Odile ce ta cire mariƙin daga allon, ta kafe shi da kusoshi huɗu a bango, gefen gadonsa. Kullum da safe shi yake kamawa ya miƙe, kuma bai taɓa bukatar ya kira ta ba.