Amalanken Yaya Sani da Ƙofar Zaure

Har yau idan na ji ƙaurin karan gero a wuta, raina ɓaci yake yi. Sa'o'ina sukan ce ƙaurin nan yana tuna musu daɗin yarinta. Ni amalanken Yaya Sani yake tuna mini, da daren da kakarmu ta yi tatsuniya cikin fushi.

Gidanmu a bakin garin Jibiya yake, kan hanyar da fatake ke bi zuwa Maraɗi. A lokacin Turawa ba su tafi ba, na Ingila a ɓangarenmu, na Faransa a ƙetare. Mahaifinmu ya rasu muna ƙanana, sai riƙonmu ya koma hannun wansa, Baffa Ilu, mai fataucin gyaɗa. Shi ne ɗan farin kakarmu, wadda muke kira Iya, don haka ba ta faɗin sunansa, ba ta yi masa magana ido da ido. In ta kama dole sai ta ce "mutumin zaure." Da sanyi, bayan isha'i, takan hura wuta a ƙofar ɗakinta mu kewaye ta, kowa ya cusa ƙafafunsa cikin zanen ɗan'uwansa.

A shekarar Yaya Sani yana ajin ƙarshe a makarantar koyon sana'a a Katsina. Dokar makarantar ita ce kowane ɗalibi ya ƙera abu guda da hannunsa, ya kai gaban malamai a ranar da aka sa, sannan a ba shi takardar shaida. Ya zaɓi ɗan amalanke wanda jaki ɗaya zai ja, ya zo gida hutu don ya yi shi. Ba kuma da ka ya fara ba. Na ga ya zana shi a ƙasa da tsinke, ya auna faɗinsa da igiya. Ya fara aika wa maƙerin garin Bugaje batun sandar ƙarfen da za ta riƙe ƙafafun, saboda ya san ita ce za ta fi daɗewa. Har 'yan kwanaki ya ware a ƙarshe ko wani abu zai ɓaci.

Sai Baffa ya leƙo.

"Wanga mi ne? Abin wasan yara? Ƙara mai faɗi, shi ɗauki buhunan gyaɗa."

"Baffa, malam cewa ya yi..."

"Malam ka ciyar da kai, ko ni?"

Bai tsaya nan ba. Da kansa ya aika Bugaje a ƙara wa ƙarfen tsawo. Wani abokinsa daga Maraɗi ya zo ya ce na Faransawa suna da dogayen gefuna, aka ce Sani ya ƙara. Wani ya ce a sa wurin zama, aka sa. Amalanke ya yi ta kumbura a tsakar gida, kwanakin da Yaya ya ware suka narke, shi kuma ya daina cin tuwo da mu.

Daren da nake faɗa, Baffa yana zaure da baƙinsa, muryoyinsu na isowa gare mu. Iya ta tura kara cikin wuta da ƙarfi har tartsatsi ya tashi. Ba ta jira mun roƙe ta ba.

"Ga ta nan tahe, mai kunne shi buɗe."

Muka ce ta iso mu ji ta.

Wai kurege ne ya ga damina ta gabato, geron uwarsa da aka yanke tun kaka kuma yana tare a gona. Ya yanko kaba, ya shiga raminsa ya fara saƙa ɗan kwando daidai kansa don ya kwaso geron. Kura ta leƙo ta ce ya faɗaɗa shi yadda zai ɗauki cinyar akuya. Kurege ya ji tsoron haƙoranta, ya faɗaɗa. Dila ya zo ya ce kwando ba hannu ai ba kwando ba ne, ya sa hannu. Zomo ya ce a yi marfi. Kowa ya faɗi tasa ya kama gabansa, ba wanda ya zauna ya taya shi ko da zare ɗaya. Ranar da hadari ya haɗo, kurege ya jawo kwando zai fita, kwando ya toshe bakin rami. Ba ya fita, ba ya komawa. Ruwa ya sauka, gero ya ruɓe a gona, kurege yana ciki yana kiran kura.

"Kun san mi kura tac ce?" Iya ta ɗaga murya ta fuskanci zaure. "Tac ce, wa ya aike shi? Ba shi da ido ne shi auna ƙoharshi?"

Ba ta rufe tatsuniyar yadda ta saba ba, ba ta ce ta yi ƙarya don mu ba. Ta juya ga Yaya, wanda cikin wasan jika take kira maigidanta, ta ce, "Maigida, aiki mai shi guda ne. Kahin ka ƙara komi, tambayi kanka ta ina za shi hita." Yaya ya sunkuyar da kai. A zaure kuwa dariya ake yi, ana batun farashin gyaɗa.

Washegari Yaya ya ɗauki igiyarsa ya auna faɗin amalanke, sannan ya auna ƙofar zaure. Na ga fuskarsa lokacin da igiyar ta rage a hannunsa. Ya gaya wa Baffa, Baffa ya ce a gama tukuna, Allah zai kawo mafita. Aka gama ana gobe za a tafi. Aka tara samarin unguwa, aka karkata shi, aka kwantar da shi a gefe, aka cire ƙafafun. Amma ƙofofin zaure biyu ba sa kallon juna, kuma ba wurin juya abu mai wannan girma a tsakani. Katanga doguwa, amalanke ya yi nauyin ɗagawa. Abu ɗaya ya rage, a fasa gefen ƙofa kamar kamu biyu, a mayar da laka daga baya.

Baffa ya ce zauren ubansa ne, ba mai taɓa shi. Sannan ya dubi Yaya a gaban mutane ya ce, "Kai da ka yi boko, ba ka iya awo ba?"

A nan ne na ji abin da ban taɓa ji ba. Iya ta fito da taɓarya a hannu, ta tsaya gabansa ta ce, "Ilu." Suna kawai. Matan gidan suka kama baki. Baffa ya zura takalmansa ya fice, amma bai ce a fasa ba, kuma ba wanda ya isa ya fasa bai ce ba. Iya ta kai wa bangon duka har hannunta ya gaji, ba ta ɓantare fiye da tafin hannu ba.

Yaya ya tafi Katsina da ƙafafu biyu ɗaure a bayan jaki. Malamai suka ce ƙafafu ba amalanke ba ne. Bai samu takardar ba, Baffa kuma ya ce ba zai sake biyan wata shekara ba. Yaya ya ƙare kafinta a Maraɗi, gwani ne, amma har ya rasu bai taɓa karɓar aikin gado ko kabad ba sai ya je gidan da igiyarsa. Amalanken kuwa kaji ne suka gaje shi.

Kwanakin baya jikana ya zo hutu daga jami'a da aikinsa na kammala karatu a kwamfuta. Wai abokai sun ce ya ƙara kaza, kawunsa ya ce ya ƙara kaza, lokaci kuma ya matso. Na ce ya zauna. Na tambaye shi me aka ce ya kawo, wa zai karɓa, yaushe, kuma cikin masu ba shi shawara wa zai tsaya tare da shi a ranar. Ya ce ba kowa. Na ce to ya yanke duk abin da ba a nema ba, ko ran wa zai ɓaci. Da ina yarinya na ɗauka tatsuniyar Iya kan wautar kurege ce. Sai da na girma na gane kurege ya iya awo sarai, cewa a'a ne ba a bar shi ya yi ba, kuma Iya da kura take.

Zauren nan da aka ƙi fasa wa kamu biyu, bayan 'yan shekaru wata damina ta rushe shi da kanta. Baffa ya sake gina shi da ƙofa mai faɗi, don jakunansa su riƙa shiga da buhunan gyaɗa ba sai an sauke ba.