Sunan da Bakina Ya Ƙi Kamawa

Ɗan farina ya isa shiga lakwal, wato makarantar boko, amma bai yi magana ba. Wannan ma da sauƙi. Abin da ke cin raina gudu ne: da an bar ƙofa buɗe sai ya fice, kuma ko maƙogwaronka zai tsage ba ya waiwayowa. A Sabon Gari muke, bakin hanyar 'yan kabu-kabu. Duk ƙarar birkin da na ji, sai gabana ya faɗi.

Shekarar rigimar tazarce aka haɗa mu da wata Malama daga Tibiri, mai koya wa irin waɗannan yara. Na yi ta ce mata likita, ta ce in daina. Aikin nasu hawa-hawa ne, in ji ta. Akwai babba a Yamai mai babbar difloma, ita ke duba yaro ta tsara abin da za a yi. Akwai ta tsakiya mai zagayowa ta ga ko ana bi. Ita kuwa ta ƙasa ce, abin da aka tsara shi take yi, ba ƙari ba ragi.

Tsarin kuwa? Uwa ta kira sunan yaro, in ya waiwayo ta yabe shi nan take, ta miƙa mishi ɓallin dabino.

Na ce, "Malama, ɗan fari ne fa! Ni in kama sunanshi? Ga uwar mijina zaune a tsakar gida?"

Tun da na haife shi "kai" nake cewa, ko "wannan yaron". Haka uwata ta yi da yayana. Na roƙi Malama a mayar da kiran bakin kakarshi.

"Yaya, takardata ba ta kai nan ba. Sai babba ta yarda."

Haushi ya kama ni. Wace irin takarda ce ba ta iya sauya baki ɗaya da wani? Babbar kuwa shiru. Yau yajin aiki, gobe zanga-zanga, ta tsakiyar ma ta daina zuwa. In an samu babbar a waya sai ta ce ba ta sauya tsari sai ta ga yaro, kuma wa ke tare da shi wuni duka in ba uwa ba?

Sai na koma yi a ɓoye kamar ɓarauniya. In tura ƙyaure, in raɗa sunan, zufa na keto mini. Wani lokaci ya ɗago, sau da yawa ko gezau. Malama ta ce raɗa ba ta tsayar da yaro a hanya. Na sani, wallahi na sani, bakin ne ya ƙi.

Ran nan muka tafi Jiratawa garkar ƙanen mijina, ni da yaron da Inna, uwar mijin nawa. An sako ruwa, babban kanal na ban ruwa ya cika taf. Na sunkuya tsinkar tumatir, ina ɗagowa na hango bayan rigarshi, yana sheƙawa wajen ruwan.

Na ce, "Kai! Kai!" Ko alama. Inna ta kira, bai kula ba. Ya riga ya yi mini nisa.

Ban san lokacin da sunan ya fito ba. Na kwarara shi har masu ban ruwa suka miƙe tsaye.

Ya tsaya a kan simintin bakin kanal. Ya juyo yana neman mai muryar.

Na tsaya wuri guda, na kasa duban Inna. Sai na ji tana kwance bakin zanenta. Ta damƙa mini dabino a hannu.

"Tsayuwar mi kike? Sake kiranshi, da ƙarfi, shi taho."