Kunnen Yoila

Garejin Yoila rumfar kwano ce a bayan Kasuwar Kifi ta Baga Road, inda warin banda da na baƙin mai suka gauraya har mutum ya daina rarrabe su. Mutumin kudancin Borno ne, daga wani ƙauye kusa da Biu. Ya zo Maiduguri yana saurayi, ya koyi kanikanci, ya tsufa a cikinsa. Da kunne aka san shi. Yakan ɗora bakin doguwar sukudireba a jikin inji, ya kara ƙotar a kunnensa, ya lumshe ido, sannan ya faɗi abin da ke damun motar. Direbobin kifi saboda haka suke zuwa wurinsa, kuma da haka ya ciyar da iyalinsa.

Ta hanyar ɗana Abdulhafiz na san shi. Abdulhafiz yana da tsohuwar a-kori-kura mai shan fetur, yana dakon busasshen kifi da ita. A ambaliyar 2024 motar ta nutse har saman bonet. Da ruwa ya janye Abdulhafiz ya sa aka jawo ta garejin Yoila, ya ce za su yi magana idan gari ya lafa. Bai kai ba. Zazzaɓi ya kwantar da shi, muka kai shi makwancinsa kafin ƙasa ta gama bushewa. Ya bar matarsa Kellu da 'ya'ya biyu.

Bayan Kellu ta fita takaba, ta ce tana son motar ta koma hanya, yayanta Harun ya riƙa tuƙawa. Yoila ya sauke injin, ya wanke laka, ya sa sabbin fiston da ringi da gasket. Bai bar kowa ya sa masa hannu ba. Ranar da motar ta tashi, ya aiko aka kira ni daga unguwar Mairi don in ji da kaina.

Mako bai cika ba Harun ya dawo da ita.

"Baba, jaki ka haɗa mini ko mota?" in ji shi. "Jiya a hanyar Dusuman mai keke napep ya wuce ni, har yana ɗaga mini hannu."

"Ƙafarka ce ba ta kai totur," in ji Yoila. "Ka sa matashi a bayanka."

"Man fa? In na cika da safe, kafin azahar allura ta kwanta. Shi ma gajartata ce ke shanye shi?"

Yoila ya ce sabon inji ne, a bar shi ya saki jiki. Aka bar shi, bai saki ba.

Kellu ba ta zuwa gareji, don haka ni nake zuwa a madadinta. Nakan zauna a benci in kalli aikin. Yoila ya canja matatar iska. Ya canja fulogi. Ya kwance kafireta ya wanke, bayan 'yan kwanaki ya sake wankewa. Ya ɗaga motar ya juya tayoyi da hannu, ko birki ne ke riƙewa. Ya ɗora laifi a kan man 'yan bumburutu, Harun ya koma shan mai a gidan mai, babu abin da ya sauya. Wata rana ya yanka bututun salansa, busasshiyar laka ta zubo har ta cika kwano. Muka ce an gano. Motar ta ɗan sami numfashi, amma da aka loda mata kifi sai ta koma yadda take.

Haka muka yi ta zirga-zirga har zafi ya shigo. Duk mun gaji. Direbobi suka fara magana a teburin mai shayi, wai hannun tsoho ya yi sanyi. Biyu daga cikinsu suka ɗauke motocinsu zuwa wani gareji. Harun ma ya same ni a gefe.

"Malam, mu kai ta wurin masu kwamfuta mana."

Na ce masa motar ta girmi kwamfutar. Ya yi dariya, amma bai janye maganar ba.

Wata la'asar Harun ya dawo daga lodi ya buɗe bonet. Wuyan salansa ya yi zafi har ba a iya kusantar sa.

"Baba, taimin fa?" in ji shi.

"Ni na saita shi," in ji Yoila.

A wannan garejin ba a ƙara magana bayan wannan. Harun ya ɗauki buta ya tafi alwala.

Yoila ya ɗauko sukudirebarsa ya ɗora a injin. Ya kara ta a kunnen dama, ya mayar hagu. Daga nan, da ya zaci ba na kallo, ya sa ƙotar tsakanin haƙoransa ya cije. A daidai lokacin wani dillalin kifi mai suna Habib ya tsaya a bayansa ya gaishe shi da Barbarci, "Wushe, Baba Yoila," ya maimaita, ya gaji ya wuce. Yoila bai waiga ba.

Na tashi na zagaya gabansa, inda zai ga bakina.

"Yoila, tun yaushe?"

Ya kashe injin. Ya daɗe yana goge hannunsa da tsumma.

"Tun ruwan nan," in ji shi. "Na shiga ceto kayan aiki, kunnen ya yi ta zubar da ruwa, sannan ya toshe. Babbar ƙara ina ji. Ƙaramar ce ta tafi."

Ya yi mini bayani a gajarce. Taimin shi ne lokacin da wuta ke kama mai a cikin inji, kuma da juya distiributa ake saita shi. In wutar ta yi saurin zuwa, inji yakan yi wata siririyar ƙara idan yana jan kaya, kamar ana kaɗa cokali a kofin gilashi, kuma in aka bar shi haka fiston zai fashe. In ta makara, mota ba za ta ja ba, sai shan mai da zafi. Shi tun yana saurayi yadda yake yi shi ne ya tura gaba har ya ji cokalin, sannan ya ɗan dawo baya. Yanzu ba ya jin cokalin. Sai ya ja shi baya sosai, inda ya tabbata ba zai yi ɓarna ba.

"Motar marigayin yaron nan ce, Malam. Na ji tsoron in fasa ta."

"Me ya hana ka faɗa?"

"In faɗa wa wa? Bakanike marar kunne, wa zai kawo masa inji?"

 Da Harun ya dawo daga masallaci, Yoila da kansa ya gaya masa. Harun mai yawan tsokana ne, amma ranar cewa kawai ya yi, "To, Baba, ga nawa kunnen."

Washegari da safe aka loda mata kwalayen kifi muka kama hanyar Dusuman, mu uku a gaba. Harun zai taka totur a babbar giya ya kasa kunne, sannan ya tsaya. Yoila ya sauka ya ɗan juya distiributa, mu sake tafiya. Sun yi haka sau da yawa. Can Harun ya ɗaga yatsa. Ni ma na ji ƙarar, siririya, daga ƙasan bonet. Yoila yana kallon yatsan. Ya sauka ya dawo da shi baya kaɗan, ya ɗaure. A hanyar dawowa motar ta ja kayanta ba tare da gardama ba. 

Ni da Harun ba mu gaya wa kowa ba. Yoila ne ya je teburin mai shayi ya faɗa wa direbobi da bakinsa, ya ce kada wani ya sake kawo masa saitin inji. Wasu sun ce za su riƙa zuwa duk da haka. Kaɗan ne suka zo.

Kwanakin baya na biya ta wurinsa in kai masa gaisuwar Kellu. Ina zaune wani mai tasi, baƙo a unguwar, ya tsaya ya ce motarsa na shan mai. Yoila ya kwatanta masa garejin wani Thomas a gaba, ya ce in ya je ya ce Yoila ne ya aiko shi. Da motar ta tafi, ya jawo daron da ya jiƙa takalman birki a ciki, ya zauna a ƙasa ya fara gogewa.